Yadda Injiniya Sabitu Ya Sa wa Garaya Kunne

Duk wanda ya zauna Dutsin-Ma a 'yan shekarun nan na bayan samun mulkin kai, ya ce maka bai san Injiniya Sabitu ba, to ɗayan biyu ne, ko kurma ne, ko kuwa hassada ke cinsa. Mutum ne da Allah ya zuba wa basira har ta yi ambaliya. Irinsu a Ikko ake ajiye su, ko a Ingila, a riƙa ba su shayi da madara suna tunani. Amma shi, saboda tsabar tausayin talakawa, sai ya haƙura ya zauna Dutsin-Ma. Ba ni na ƙaga wannan ba. Shi da bakinsa ya sha faɗa, wata rana ma har sau uku kafin azahar.

Aikinsa na En'e ba ƙarami ba ne, shi ne malamin auna ruwan sama. Akwai wani gwangwani da aka kafa bisa turke a bayan ofishin gona, to wannan gwangwanin kacokan a ƙarƙashin ikonsa yake. Da damina, kullum safe sai ya sa gajeren wando da doguwar safa, ya ɗauki 'yar rula, ya je ya leƙa ciki fuska a murtuke, ya rubuta abin da ya gani. Da rani kuwa, wata bakwai cur, kullum sai ya je ya leƙa, ya dawo ya rubuta "babu". Kuma a yi masa adalci, duk tsawon ranin nan bai taɓa yin kuskure ba ko sau ɗaya.

Injiniyancin daga Kaduna ya ɗauko shi. An tura shi kwas na mako shida don ya koyi karanta rular nan. Wata Asabar da la'asar yana yawon buɗe ido, sai ya ji kiɗa na tashi daga wani otal kamar zai ɗage rufin kwano. Ya leƙa ta taga, ya ga wasu 'yan kudu rataye da jita, kowace da igiyar waya a gindinta, wayar ta tafi ta shige wani akwati, akwatin ne ke ruri. Ya yi kamar minti goma sha biyar a tagar nan baki buɗe kafin maigadi ya kore shi. To, minti goma sha biyar ɗin nan su ne jami'arsa. Ya dawo gida da tabarau mai gilashin taga, da sukudireba soke a aljihun gaba tsakanin alƙaluma uku, da wasu mujallun Turawa guda uku masu hotunan wayoyi, waɗanda ya ceto daga hannun mai ƙosai. Ɗaya ma rabinta ya riga ya bi ƙosan. Turancin ciki ya fi ƙarfinsa, amma ina ruwan mai basira da rubutu? Hoto ya ishe shi.

Ya share zauren gidansa, ya kafa teburi, ya jera filaya da zarto da guduma, da kaskon gawayi inda yake gasa ƙarfen liƙi da dalma. A bakin ƙofa ya rataya allo da manyan baƙaƙe: ASIBITIN JITA DA AMFILIFAYA, INJINIYA SABITU. Daga Dutsin-Ma har Kurfi babu mai jita ko mutum ɗaya, balle ta yi ciwo, saboda haka asibitin ya shekara biyu bai ga majinyaci ba. Don kada hannu ya yi sanyi, sai ya riƙa taimakon masu rediyo. In ka kawo masa rediyonka yana shaƙewa, zai buɗe shi, ya girgiza kai, ya ce Turawa sun yi gaggawa a nan. Bayan kwana uku ya maido maka da shi ya daina shaƙewar, ya ma daina komai. Kowane rediyo kuma sai ya rage masa kusoshi biyu ko uku da suka rasa wurin komawa. Ya tara su a gwangwanin madara, yana nuna wa baƙi don su ga almubazzarancin Bature.

Da ya ga babu jitar da za a kawo gyara, sai ya ƙera tasa. Katakon da ya dace bai samu ba sai ƙyauren ɗakin matarsa Saudatu, na maɗaci, wanda ubanta ya sa aka yi mata. Ya ɓalle shi ranar da ta tafi gidan suna, ta dawo ta tarar da asabari. Tsirkiya ya yi da wayar birkin keke. Ƙarƙashin wayoyin ya ɗaura wani abu da ya kira kunne, wato mayen ƙarfe ne da ya ciro daga injin fitilar keke, ya nannaɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe kamar yadda ya gani a hoto. Akwatin kuwa, wanda ba ya yarda a kira shi sai amfilifaya, kayan cikin rediyon wata mota ne da ta faɗi a kwana, da lasifika mai bakin kakaki, da batirin babbar mota wanda direba Hudu ke tafiya da shi ya cika masa wuta ran kasuwa.

Abin mamaki, abin ya yi ƙara! In ya daki wayoyin, sai akwatin ya ce gwarram, awakin unguwa su watse. In bai daka ba ma akwatin ba ya yin shiru, sai ya riƙa wani zuuu kamar zuma ta shiga tulu. Shi ya ce wannan numfashin lantarki ne. Mutanen gari kuwa, da yake ba su san darajar ilimi ba, suka sa masa Malam Zuu, amma sai ya ba da baya suke faɗa.

Me ya sa abin ke ƙara, bai sani ba, kuma bai ga wanda ya isa ya tambaya ba. Kiɗa kuwa ko na tashin yara bai iya ba. In wani ya ce ya ɗan kaɗa a ji, sai ya sauke tabarau bisa karan hanci ya dube shi da tausayi.

"Ni ƙerawa nake yi. Kaɗawa aikin ƙananan ma'aikata ne."

Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya. Duk wannan baiwa, babu wani babban taro da ya taɓa shaida ta. Mahauta na da sarki, wanzamai na da sarki, har cikin masu jiran rijiya an ba wani suna, amma shi da ya kawo lantarki garin da ko fitilar titi babu, ba wanda ya taɓa tashi gaban jama'a ya ba shi ko ɗan laƙabi na girma. Yana cikin wannan takaici ne, wata ran kasuwa, Allah ya jefo masa Lado.

Lado mai garaya mutumin Wurma ne ta ƙasar Kurfi, dattijo mai ƙarancin magana in ba waƙa yake ba. Shi ne makaɗin mafarauta, gado ya yi wurin ubansa. A al'adarsu, in an gama girbi an kai amfani gida, akan sa ranar buɗar dawa. Mafarauta su taru a fili da karnukansu, Lado ya zauna ya kaɗa wa kowane gida takensa, mai taken ya ji tsikar jikinsa ta tashi, ya zaburo ya yi kirari, sannan a shiga daji. Wanda bai ji takensa ba ba ya shiga, komai nisan da ya taho. Kuma ba da kowace garaya ake wannan ba sai guda ɗaya, ta uban Lado. Fatar da ke kanta ta gada ce, wadda uban Sarkin Baka na yanzu ya harbo shekara arba'in da suka wuce. Tsirkiyarta biyu na jijiyar bijimi ne, su ne na ƙarshe da uban Lado ya murza da hannunsa kafin ya rasu. Ko matar Lado ba ta isa ta ɗaga garayar nan don ta yi shara ba.

Damuwarsa ita ce taron ya girma, garaya kuwa muryarta ƙasa-ƙasa ce. Bara mutanen Kuki da suka tsaya can baya ba su ji takensu ba, suka ja karnukansu suka koma gida da fushi, suna cewa an wulaƙanta su. Sarkin Baka Ilu ya kira Lado ya ce bana a san yadda za a yi, kada a maimaita. Saura kwana tara ranar ta zo, wani a kasuwa ya ce wa Lado akwai mai akwatin da ke ƙara wa abu murya. Abin da ya kawo shi zauren ke nan.

Injiniya ya karɓi garayar da yatsu biyu, ya duba ta sama, ya duba ta ƙasa, ya ƙwanƙwasa ƙoƙonta, ya yi ajiyar zuciya irin ta manya.

"Baba Lado, ka zo inda ya dace, sai dai ka makara da kamar shekara ɗari. Wannan abin naka jita ce da ba ta yi makaranta ba. Ba laifinta ba ne, mai koya mata ta rasa. Kunne kawai za a sa mata a haɗa ta da amfilifaya. In ka taɓa ta a Wurma, mutumin Kuki ko cikin ɗakinsa yake sai ya fito da kirari. Kai, har na Katsina sai sun aiko a ji abin da ke faruwa!"

Lado ya shafa fatar da babban yatsa.

"Malam, abu ɗaya na roƙe ka. Kada a taɓa fatar nan, kada a taɓa tsirkiya. Ba ni da sauran abin tsohona sai su."

"Haba Baba! Ni da nake buɗe rediyon Ingila? Je ka kwantar da hankalinka, ka tarbe ni ranar a Wurma."

Lado ya fita hannu wofi, yana tafe yana waiwaye kamar wanda ya bar ɗansa a gaban wanzami.

Kwana uku Injiniya ya yi yana naɗin sabon kunne. Yana naɗawa yana ƙirgawa da ƙarfi, in wani ya yi sallama lissafin ya ɓace, ya warware ya sake daga farko. Da abin ya ishe shi sai ya aika unguwa cewa an dakatar da gaisuwa har sai an gama aikin ƙasa. A rana ta huɗu Saudatu ta shigo da abincin rana, ta tarar yana ɗaura kunnen ƙarƙashin tsirkiyar garaya. Ta ajiye akushi ta tsaya kallo.

"Malam, wannan ba irin mayen da nake arowa in tsinci allura ba ne? Ai ƙarfe kaɗai yake kamawa. Na taɓa kai shi kusa da zare da ƙashi, ko motsi ba su yi ba. Tsirkiyar nan kuwa jijiya ce."

Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Saudatu, Saudatu! Ke da allura, ni da lantarki. Abin da ake yi a nan sunansa kimiyya, ko a Kaduna ba kowa ke gane shi ba. Je ki duba miyarki kada ta kama."

Ta tafi. Ya haɗa batir, ya gyara tsayuwa, ya daki tsirkiya. Garaya ta yi 'yar muryarta mai daɗi da ta saba, akwati kuwa ko a jikinsa, zuuu kawai yake yi. Ya sake daka. Zuuu. Nan take ya gano cutar, batir ne ya yi sanyi. Aka bai wa Hudu ya cika shi, aka dawo da shi, aka haɗa. Zuuu.

Sai ya koma ga mujalla, ya ƙura wa hoto ido, ya ga ashe kunnen jitar Turawa a cikin rami yake zaune, ba bisa ba. Ya ɗauki reza. Alkawarin da ya yi wa Lado? Ai ya tuna da shi sarai, har ya ɗan dakata. Amma da ya auna sai ya ga alkawarin da aka yi wa wanda bai san kimiyya ba, bai kamata ya ɗaure wa kimiyya hannu ba. Ya yanke fatar gadar nan, ya fitar da rami daidai girman akwatin ashana. Fatar da ta shekara arba'in a ɗame ta saki, ta yi laushi. Ya cusa kunne a ramin, ya haɗa batir, ya daka. Zuuu.

A rana ta bakwai ilhami ya sauko masa. Ya janye dokar hana gaisuwa, ya tara maƙwabta a ƙofar zaure, ya sa aka kira har da Saudatu ta tsaya daga bayan asabari don ta ƙaru.

"Jama'a, bayan dogon bincike, ba ci ba sha, na gano wani sirri wanda ko mujallar Turawa ba ta kai gare shi ba. Mayen ƙarfe, ƙarfe kaɗai yake ji!"

Maƙwabta suka ce ikon Allah. Saudatu ta ce, "Allah ya ƙara basira, Malam." Da mutane suka watse ta shigo ɗaukar akushi, ta ga tsirkiyoyin nan biyu a ƙasa cikin tokar gawayi, ya yanke su ya yar. Ta sunkuya ta tsince su, ta kaɗe, ta ƙulle a bakin zanenta.

Shi kuwa ya ɗaura wa garaya wayar birki. Igiyar fatar da ke riƙe tsirkiya a wuyan garayar ba ta iya riƙe ƙarfe ba, sai ya huda wuyan ya sa kusoshi biyu masu noti, ya riƙa ɗaurewa da filaya har wayoyin suka miƙe. Ya daka. Gwarram! Awaki suka watse, Injiniya ya yi tsalle har tabarau ya faɗi. Gaskiya wuyan garayar ya ɗan lanƙwasa, yana wani ƙiƙi-ƙiƙi, bakin ramin nan kuma ya ɗan ƙara buɗewa. Ya duba ya ce miƙa take yi, irin ta wanda ya tashi daga dogon barci.

Ranar buɗar dawa motar Hudu ta sauke shi Kurfi da sassafe. Daga nan aka ɗora wa jakin wani maharbi kaya, akwati a gefe ɗaya, batir a ɗayan. Injiniya na gaba cikin farar kwat da ya aro, rungume da garaya naɗe cikin mayafin teburi. Lado ya tarbe shi tun daga bakin gari yana miƙo hannu biyu, Injiniya ya kauce. Ya ce a Kaduna ba a ganin abu sai an buɗe shi a gaban jama'a.

Filin ya cika maƙil. Mafarauta ko'ina, da warki da layu, da baka da kwari, da gora da adda, karnuka kuwa ba su ƙirguwa. Mutanen Kuki sun zo bayan an sha ba su haƙuri, sun tsaya can baya inda suka tsaya bara, hannu a harɗe. Sarkin Baka Ilu na zaune bisa buzu a gindin tsamiya. Injiniya ya kafa lasifika bisa reshe, ya hau kan wani kututture, ya yi gyaran murya.

"Jama'ar Wurma, da na Kurfi, da baƙinmu na Kuki da Shema! Yau duhu ya ƙare a ƙasar nan. Shekara da shekaru kuna sauraren kiɗa da kunnen da aka haife ku da shi, abin tausayi, don ba ku sami wanda zai cece ku ba. Ni da kuke gani, lokacin da nake Kaduna, manyan injiniyoyi sun so su riƙe ni, na ce a'a, ina da jama'a a gida. Ba don a gode mini na yi ba. In kuma shugabanni sun ga ya dace a ba mutum wani ɗan suna don 'yan baya su sani, to ba zan ƙi ba, don ƙin karɓa ma girman kai ne."

Haka ya yi ta yi har hantsi ya ɗaga, karnuka suka fara hamma. Sai da Sarkin Baka ya yi tari sau uku sannan ya sauko, ya yaye mayafin teburi da wani salo, ya ɗora garayar a cinyar Lado.

Lado bai yi ihu ba. Ya dubi wayoyin ƙarfe, ya dubi kusoshin da aka huda wuyan da su, sannan ya ga ramin. Ya kai yatsa ya taɓa bakin yankan a hankali.

"Malam, ina tsirkiyar tsohona?"

"An yi musu ritaya, Baba. Sun yi aikinsu."

Allah Sarki! Wallahi ko ni da ke ba ku labarin nan, in na iso nan dariyar takan ɗauke mini. Dattijon nan ya ɗaga kai ya ga ɗaruruwan mutane sun zuba masa ido, ga na Kuki can suna jira, ga rana na yi. Ba shi da wata garayar, ba shi da wata ranar. Ya yi bisimilla, ya fara da taken gidan Sarkin Baka kamar yadda aka saba.

Ƙara kam an yi ƙara, wannan ba a hana wa Injiniya. Har Kurfi an ce an ji. Sai dai abin da ya fito daga lasifikar nan ba muryar garaya ba ce, ya fi kama da ana jan kwanon rufi bisa tsakuwa. Sarkin Baka ya karkata kunne yana jiran takensa, taken da tun yana goye yake ji, bai gane shi ba. Tsikar jikin kowa na kwance. Mutanen Kuki sun ji sarai wannan karon, har ɗayansu ya ɗaga murya yana tambaya wai taken wane gida ne wannan, don su dai ba su san mai shi ba. Wayar birki kuwa ta riga ta yanki yatsan Lado, jini na bin ƙoƙon.

Injiniya ya ga ba wanda ya zabura, nan da nan ya gano dalili, ƙarar ce ba ta isa ba. Ya murɗa maɓallin akwati har ƙarshe, ya sauko da lasifika ya juyo bakinta wajen Lado. Sai akwatin ya saki wata irin ƙara, wiiii, siririya mai huda ƙwaƙwalwa. Tabɗi! Karnukan filin nan gaba ɗaya suka ɗaga baki sama suka amsa. Wasu suka tsinke igiya, na Shema suka afka wa na Wurma, jakin da ya kawo kaya ya yi kuka ya tsinke ya nufi gida. Manyan maharba da ba su gudun kura sai ga su sun toshe kunne da hannu biyu.

"Kada kowa ya tsorata!" in ji Injiniya. "Waya ce ta saki, yanzu za a gyara!"

Ya zaro filaya, ya durƙusa gaban Lado, ya kama notin da ke wuyan garayar.

"Malam, bari," in ji Lado. Ya murɗa sau ɗaya.

"Malam, don girman Allah ka bari." Ya murɗa na biyu.

A na uku sai ƙarass! Wuyan ya ɓalle ya tashi, fatar ta kece tun daga ramin nan har baki, ƙoƙon ya tsage biyu. Waya ta zabga wa Injiniya a fuska ta yi sama da tabarau. Ƙarar ta ɗauke, karnuka suka yi tsit. Ba abin da ake ji a filin nan sai akwati yana zuuu, har Sarkin Baka ya taso ya sa ƙafa ya fizge wayar batir.

Kuna tsammani Injiniya ya ji kunya? Ina! Ya laluba ya ɗauki tabarau, ya kaɗe gwiwa, ya fuskanci jama'a.

"Wannan a kimiyya ba a ce masa ɓarna, gwaji ake ce masa. Kayan ne ba su da inganci tun asali. In akwai mai ƙyauren maɗaci a garin nan, ya kawo, cikin mako biyu zan ƙera wa Baba wadda ta fi wannan."

Lado na sunkuye yana tattara gutsattsarin ƙoƙo ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a gaban rigarsa, hawaye na sauka cikin gemunsa. Sarkin Baka ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya ga taro.

"Kun san al'ada. Wanda ya fara kisa ran buɗar dawa, shi ke da sunan shekara."

Da jin kalmar suna, zuciyar Injiniya ta yi tsalle. Ya gyara wuyan kwat, ya matso gaba.

"Gadar nan tsohona ya harbe ta shekara arba'in ke nan. Ta mutu, amma ba ta daina yi mana magana ba. Yau Malam ya ƙarasa ta. Daga yau sunansa Maharbin Matacciya."

Injiniya har ya fara ɗaga hannu zai yi godiya, sai ya lura ba mai guɗa, ba mai tafi, ba ma mai dariya. Ya mayar da hannun aljihu.

Lado ya share fuska da hannun riga. Ya ɗauki rabin ƙoƙon nan ya kifa a cinya, ya riƙa bugunsa da yatsan da ya yanke, ya ɗauko taken gidan Sarkin Baka da baki. Filin ya yi shirun da bai taɓa yi ba, ko kare bai motsa ba. Sarkin Baka ya zabura ya yi kirari har muryarsa ta dushe. Gida bayan gida Lado ya bi, da ya iso kan na Kuki, suna can baya inda suke, suka ji kowace kalma, suka fito da gudu suna kirari. Aka shiga dawa.

Kafin azahar filin ya zama wayam. Mai jaki ya bi farauta, jakin ma ya daɗe da isa gida. Injiniya ya bar akwatin a gindin tsamiya, ya ɗora batir a ka ya kama hanyar Kurfi, ruwan batir na ɗiga yana cinye farar kwat ɗin aro. Da ya iso Dutsin-Ma ya shaida wa maƙwabta cewa tafiya ta yi kyau, mutanen Kuki sun ji takensu bana, kuma an ba shi sarauta a gaban ɗaruruwan mutane. Sunan sarautar ne kawai ya ce na gargajiya ne, ba zai fassaru ba.

Ran kasuwa ta gaba Saudatu ta kwance bakin zanenta, ta ba Hudu tsirkiyoyin nan biyu ya kai wa Lado, tare da ban haƙuri. An ce da hannu biyu ya karɓe su. An sami wata gada a farautar bana, an ɗaura wa sabon ƙoƙo fatarta, amma duk wanda ya san ta da ya ce muryar ba ita ba ce, shi ma Lado bai taɓa cewa ita ce ba.

Da Hudu zai dawo, Lado ya ba shi wani ɗan ƙunshi ya kai wa Malam, ya ce a faɗa masa a al'adar dawa fata ta maharbi ce. Injiniya ya kwance a gaban maƙwabta. Tsohuwar fatar gadar ce, a kece, ga ramin akwatin ashana a tsakiyarta. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce lalle mutanen Wurma sun san girman baƙo, wannan lambar yabo ce. Ya sa ƙusa ya kafe ta a bakin zaure, daidai ƙarƙashin allonsa.

Tana nan ya bar ta shekara da shekaru, duk mai wucewa yana gani. Asibitin Jita da Amfilifaya dai majinyaci ɗaya tak ya taɓa samu tun da aka buɗe shi, ga fatarsa nan rataye a ƙofa.